Bayan an ɓamɓare wolfefa: wanki kawai, firaima, ko sabon sikiridin?

Akwai lokacin da da wuya ka shiga ɗakin amarya a Kano ba ka tarar da wolfefa a bango ba. 'Yan jere su liƙa mai furanni a uwar ɗaka, mai zanen bulo a bayan talabijin, wasu ma har kicin. Yanzu da yawa daga cikin takardun nan sun tsufa. Gefuna sun ɗago, ƙurar hunturu ta zauna a mahaɗa ta yi baƙi, yara sun yage iya inda hannunsu ya kai, mutane kuma sun fara komawa fenti. Ɓamɓarewar ba ta da wani wuya. Rigimar tana farawa ne bayan an gama, bango ya fito dabbare-dabbare. Mai fenti na farko ya shafa shi ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan sai dai a sake sikiridin gaba ɗaya." Na biyu ya zo ya ce, "Haba Hajiya, fenti hawa biyu zai rufe komai." Kowannensu da aljihunsa yake magana. Ɗaya yana neman aiki mai tsoka, ɗayan yana son ya gama da wuri ya wuce wani gidan.

Hanyoyin da ke gaban mai ɗaki uku ne: a wanke bango a toshe ramuka a yi fenti, ko a ƙara da firaima, wato shafin share fage da ake yi wa bango kafin fentin, ko a sake sikiridin, wato siririn yaɓen da ake yi a kan filasta don bango ya yi sumul. Abin da zai raba gardama a tsakaninsu shi ne abin da takardar ta bari a jikin bango, kuma babban abin da take bari shi ne gam.

Gam ɗin wolfefa na asali gari ne da ake damawa da ruwa, yawanci na sitaci ko na wani sinadari da ake samu daga tsirrai. Idan ya bushe ba a ganin sa, amma da ya ji ruwa sai ya farfaɗo ya yi santsi. Fentin da muke yi wa ɗakuna kuwa na ruwa ne. Rola tana hawa bango sai ta jiƙa tsohon gam, ya narke ya cakuɗe da sabon fenti. Wajen bushewa kowanne da yadda yake tsukewa, sai fuskar fentin ta tsattsage kamar ƙasan kududdufi a bazara, bayan 'yan makonni ta fara zuba. Ƙarin hawa na uku ba ya gyara wannan, ƙara jiƙa gam ɗin yake yi.

A nan garin akwai ƙarin matsala. Saboda zafi yana ɗaga gefen takarda, masu liƙawa da yawa suna zuba farin gam irin su Top Bond a cikin damun don ya ƙara riƙo. Shi ba ya narkewa da sauri, sai an jiƙa shi da ruwa mai zafi ya yi laushi sannan a kankare. Sai kuma na ukun, wato wolfefar leda mai gam a jikinta da soson nan mai tudu-tudu da ake liƙawa falle-falle. Gam ɗinsu ba ruwansa da ruwa. Sai an hura masa zafi da na'urar busar da gashi, a goge abin da ya rage da ɗan kananzir ko tina, wato ruwan sirka fentin mai, a tsumma, tagogi a buɗe, babu wuta a kusa. Daga nan a wanke wurin da omo sosai, don fentin ruwa ba ya zama a kan maiƙo.

Kafin a yi ciniki da kowa, mai ɗaki zai iya gwada bangonsa da kansa. A fesa ruwa a wurare daban-daban, musamman kusurwa da inda mahaɗar takarda take, a jira minti biyu, a shafa da tafin hannu. In ya yi santsi ko yauƙi, da sauran gam. Da daddare a kashe fitila, a kwantar da tocilan a jikin bango yadda haskenta zai bi fuskarsa. Duk wani rami da tudu zai fito fili, har waɗanda rana take ɓoyewa. A manna salatif mai faɗi a danna shi a fizge. In ya taho da farin gari ko ɓawo, tsohon sikiridin ɗin ya mutu. A ƙwanƙwasa bango da bayan cokali, inda ya yi ƙarar fanko to filasta ta rabu da bulo. Na ƙarshe, a yanko leda kamar faɗin ƙafa ɗaya da rabi, a manne gefunanta huɗu a ƙasan bango, a bar ta kwana ɗaya zuwa biyu. In bayanta ya yi gumi ko wurin ya yi duhu, danshi daga cikin bangon yake fitowa.

Kada a yi saurin zubar da takardar da aka cire. A juya bayanta a duba. Baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna, ko shatin ruwa mai ruwan ƙasa, ya fi duk wani gwaji faɗin gaskiya, domin bangon da ya bushe ƙayau a watan Fabrairu yana iya zama shi ne mai tsattsafo a Agusta.

Wanki, toshiya, fenti

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita ce ta dace da bangon da aka yi wa sikiridin da fenti mai kyau tun kafin a liƙa takarda. Irin wannan bangon takarda takan bar shi lafiya, sai 'yan ƙarce-ƙarcen ƙarfe da ramukan ƙusa. Kayan aikin duk na gida ne: bokiti biyu, soso, ruwan ɗumi, omo kaɗan, da faffaɗan ƙarfen kankarewa. A jiƙa wuri kamar mita ɗaya, a bar shi ya tsumu minti 10 zuwa 15, a kankare a kwance ba a tsaye ba, a ɗauraye da ruwa mai tsafta na bokiti na biyu. Ruwan ɗauraya in ya yi kauri a zubar a sake, in ba haka ba gam ɗin kawai ake yawo da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Iskar Kano tana kawo cikas a nan. A hunturu ko bazara ruwan yakan bushe kafin ya ratsa gam, saboda haka a kashe fanka, a rufe tagogi, a riƙa bin bangon kaɗan-kaɗan. A kuma kashe wutar ɗakin daga akwatinta a rufe soket da leda. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta, ba sallama take yi in za ta dawo ba.

Akwai masu fenti da za su ce a bar wanki, samfefa za ta cinye gam ɗin. Ba ta cinyewa. Gam yana toshe idon samfefa, zafin guga ya sa shi laushi, ya ƙara baje a bango. Samfefa aikinta yana zuwa ne bayan wanki da bushewa, wajen daidaita inda aka toshe.

Raunin wannan hanya biyu ne. Na ɗaya, da wuya a wanke gam tas ɗari bisa ɗari, musamman inda aka haɗa da farin gam. Na biyu, wuraren da aka toshe da foti, wato damun cike rami, sun fi sauran bango shan fenti, don haka sukan fito tabo-tabo in haske ya bugi bangon ta gefe. Fenti marar sheƙi yana ɓoye wannan daidai gwargwado, mai sheƙin siliki kuwa tona shi yake yi. Ga kuma sikiridin na POP, wanda in ya sha ruwa da yawa yakan yi laushi, ƙarfe ya riƙa yankar sa, a wayi gari wankin da kansa ya ɓata bangon da a da lafiyarsa ƙalau.

Wanki da firaima

Aikin farko duk ɗaya ne da na sama, ba a tsallake komai. Bambancin shi ne hawa ɗaya na firaima tsakanin bango da fenti. A ganina wannan ce ta fi dacewa da yawancin gidajen bulo na Kano, kuma ita ce aka fi tsallakewa, saboda firaima ba a ganin ta bayan an gama aiki, mai biyan kuɗi yana jin kamar asara ce.

Amfaninta biyu. Tana rufe ɗan gam ɗin da ya kuɓuce wa soso, tana kuma daidaita shan bango yadda wurin toshiya da sauran jiki za su karɓi fenti iri ɗaya. Sai dai ba kowace firaima ke yin na farkon ba. Ta mai, wadda ake sirkawa da tina, ita ce ba ta tayar da gam, tunda babu ruwa a cikinta. Tana da wari mai ƙarfi, tana son kwana guda kafin a hau ta, kuma mai ciki da jarirai da mai asma su nisanci ɗakin har warin ya fita. Ba a shafa ta a kan sabon siminti ko bango mai danshi, kaifin simintin yana cin fentin mai ya mayar da shi danƙo. Irin wannan wurin akwai firaimarsa ta musamman mai jure kaifin siminti, a tambaya a shago. Firaimar ruwa ta fi sauƙin aiki, ba wari, tana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, amma tana buƙatar bangon da gwajin tafin hannu ya nuna babu santsi ko kaɗan.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne al'adar tsinka fentin ruwa da ruwa mai yawa a shafa a ce an yi firaima. A kan sabon sikiridin mai tsafta wannan yana aiki, masu fenti sun daɗe suna yi. A kan bangon da aka cire wa wolfefa kuwa babu abin da ya fi shi muni, tsabar ruwa ce ake zuba wa gam.

Kuɗinta ma bai kai yadda ake tsoro ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayinsa ƙafa 10, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 da 'yan kai ba in an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya kan rufe kusan murabba'in mita 10 a bango mai santsi, wato galan ɗaya mai lita 4 zai iya kai ɗakin, ko ya ɗan gaza in bangon mai sha ne. A duba abin da aka rubuta a jikin gwangwani, don kamfani ya bambanta da kamfani. Sau da yawa ma firaima tana rage fentin saman da za a ci.

Abin da ba ta iyawa shi ne cike rami. Duk abin da tocilan ta nuna kafin firaima yana nan bayanta.

Sabon sikiridin

Nan ne kuɗi da lokaci da ƙura suke, sai an kwashe kayan ɗaki kaf. Amma akwai bangon da babu makawa sai shi. Wasu masu gidajen haya da ma wasu angwaye sun yi amfani da wolfefa ne don su tsallake kuɗin sikiridin, aka liƙa ta kai tsaye a kan filastar siminti. In an cire sai ka ga yashi tsirara. Akwai kuma inda takarda ta taho da ɓawon tsohon sikiridin a wurare da yawa, ko inda salatif ya nuna duk jikin gari ne. Ni ma'aunina, in wuraren da suka lalace sun kai kashi ɗaya cikin uku na bango, toshiya ɗaya-ɗaya ta zama ɓata lokaci, gara a bi shi duka. Haka ma wanda ke da silin na POP mai ɓoyayyun fitilu da ke zubo haske a jikin bango, ko mai son fentin siliki a falo. Waɗannan biyun ba sa yafe ko ƙaramin tudu.

A cikin sikiridin ɗin ma akwai zaɓi. Haɗin da aka fi sani shi ne garin POP da farin gam da ɗan fentin ruwa, mai aiki ya dama da kansa. Yana da araha, yana da fari, yana da daɗin guga, kuma in ya samu hannun gwani yana fitowa sumul. Matsalarsa ingancinsa yana hannun mai damawa. In ya rage gam don ya ci riba, bangon zai riƙa barin fari a jikin rigar duk wanda ya jingina. POP kuma yana kamawa da sauri, cikin mintuna, balle a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Yaron aiki in ya ga damu ya fara tauri a bokiti sai ya ƙara ruwa ya sake juyawa, wannan damun kuwa ƙarfinsa ya riga ya tafi. Sannan POP ba ya shiri da danshi ko kaɗan.

Fotin bango na buhu, wanda aka haɗa tun daga kamfani da farin siminti, ruwa kawai ake zuba masa. Ya fi tsada, ya fi taurin guga, amma yana ba mai aiki lokaci, kuma ya fi jure laima. Ga bangon da ke jingine da banɗaki, ko kicin, ko ɗakin ƙasa, shi zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Ɗakin bene busasshe kuwa haɗin POP ya wadatar, in an san mai aikin. Ko wanne aka ɗauka, hawa biyu sirara ake yi, kowanne bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na farko ya bushe kafin na biyu. Mai kauri lokaci ɗaya tsagewa yake yi. A goge da samfefa mai lamba 120, a bi da 180 ko 220, a share ƙurar da tsumma mai ɗan laima kafin fenti.

Babbar asarar da ake yi a wannan harka ita ce a yi sabon sikiridin a kan bangon da ba a wanke ba, da tunanin ai za a binne komai. Damun sikiridin shi ma ruwa ne. Zai tayar da gam ɗin da ke ƙarƙashinsa, ya zauna a kan santsi, wata rana ya ɓallo falle guda har da fentin da aka kashe wa kuɗi. Wanda ya zaɓi hanya mafi tsada bai tsira daga soso da bokiti ba.

A tsofaffin gidaje, in an tarar da tsohon fentin mai a ƙarƙashin takarda, kada a bi shi da busasshiyar samfefa. Fentin mai na da yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuma yara ta fi yi wa illa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar aikin zinare, ya san ba abin wasa ba ce. A jiƙa kafin a goge, mai aiki ya sa takunkumi, yara su bar sashen, a goge ƙasa da ruwa maimakon shara.

Idan leda ta yi gumi

In gwajin leda ya nuna danshi, to duk maganar da ta gabata a ajiye ta tukuna. Wolfefa, musamman mai fuskar leda, tana hana bango numfashi, ta tara danshi a bayanta shekara da shekaru ba wanda ya sani. Alamunsa sanannu ne: fumfuna, warin ruma, farin gishiri da ke tsirowa a filasta, ɓurɓushi a ƙasan bango daga sikatin zuwa kamar mita ɗaya. Gidajen da ke kusa da tsofaffin kududdufai da aka cike aka yi gini, da na gefen Jakara, sun san wannan ciwo. Wani lokacin kuma ba daga ƙasa ba ne: bututun banɗaki ne ke ɗiga a cikin bango, ko indararo ke zuba a jikin gini, ko ruwan na'urar sanyaya ɗaki, ko kwatar maƙwabci.

Sai an toshe mafarin ruwan. Bayan nan a fasa filastar da ta ruɓe har a wuce shatin danshin, birkila ya sake ta da siminti mai haɗin maganin hana ruwa, a ba ta kusan kwana 28 kafin a yi maganar foti ko fenti. Gishirin bango da busasshen burushi ake kakkaɓe shi, wanki yana mayar da shi ciki ne ya sake fitowa. Fumfuna kuma a kashe ta da bilic, kashi ɗaya a ruwa kashi uku ko huɗu, kada a haɗa shi da wani maganin wanki. Masu rufe wurin da fentin mai ko tayil ba tare da gyara ba, na farko ƙuraje yake yi ya fashe, na biyu yakan tura danshin ya ɓullo ta saman tayil ɗin. A gidajen cikin birni masu ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti, a rage ruwa ƙwarai wajen wanki, kuma in ƙwanƙwasa ta ba da ƙarar fanko, magini za a kira kafin mai fenti.

Sauran dabaru biyu ba sai an daɗe a kansu ba. Fenti a kan wolfefar ba tare da cirewa ba yana sa ta kumbura, mahaɗa ta fito, ya kuma ninka wahalar cirewa nan gaba. Teskot, fentin nan mai kaushi, yana ɓoye rami, gaskiya ne, amma a cikin ɗaki matattarar ƙura ce a garin da hunturu ke yin watanni, kuma shi ma a kan gam ba zai zauna ba.

Ɗan haya da zai tashi ya mayar da ɗaki yadda ya same shi, wanki da firaima da fenti marar sheƙi sun ishe shi, amma ya kira mai gida ko wakilinsa ya ga bangon tsirara kafin a rufe, ya ɗauki hoto, don kada danshin gini ya koma laifin takardarsa. Mai gidan kansa da zai zauna shekaru, ba dole ne ɗaki ɗaya ya bi hanya ɗaya ba. Ana iya yi wa bangon da ke fuskantar taga sikiridin, sauran ukun a tsaya a firaima.

Lokaci ma yana da tasiri. A tsakiyar damina komai yana jinkirin bushewa, a ƙara kwana a kan duk abin da mai fenti ya faɗa. A tsakiyar hunturu foti yana bushewa da gaggawa ya tsage, ƙura kuma tana manne wa firaimar mai. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi min, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba, bango mai danshi kuma bai gama ɓoye halinsa ba. Mafi munin lokaci shi ne goman ƙarshe na azumi ko mako biyu kafin biki, lokacin da kowane mai fenti yake riƙe da gida uku.

Wajen ciniki, kayan aiki gara mutum ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari da mai fentin su saya tare, ya ga gwangwanin firaima da idonsa a rufe. Jinga kuma kada a yi ta dunƙule ɗaya. Wanki shi ne aikin da ba ya nuna kansa, don haka shi mai jinga yake fara yi wa ha'inci. A yanke kuɗin wanki daban, a ce masa, "Malam, in ka gama ka tafi, gobe zan fesa ruwa in shafa, in babu santsi sai mu yi maganar fenti." A kuma riƙe wani kaso na kuɗin aikin har mako biyu bayan hawan ƙarshe, domin tsagewar da gam ke jawowa ba ranar da aka gama take bayyana ba.